Tsintar ƙwan kwarkwata: abin da Bature yake nufi da “nitpicking”

Duk wanda yake aiki a ofishin da ake Turanci, ko yake bin cacar bakin 'yan siyasar Ingila da Amurka, da wuya ya daɗe bai ji an ce wa wani yana “nitpicking” ba. Kalmar zargi ce, ba wanda yake so a jefe shi da ita. Ana faɗa wa mutumin da aka kawo masa aiki ya duba, ya tsallake gundarin aikin ya je ya toge a kan wani ɗan guntun kuskure da bai kai ya kawo ba: waƙafin da aka manta, harafin da ya sauya wuri, kalmar da yake ganin da an sa 'yar'uwarta da ta fi armashi. Ƙamus zai ce maka ma'anarta ita ce neman ƙananan kurakurai marasa muhimmanci don a yi suka. Haka ne, amma bayanin bai ƙosar ba, domin rigimar duka tana cikin “marasa muhimmanci” ɗin nan. Wa ya yanke cewa abin ba shi da muhimmanci, kuma da wane ma'auni?

Kalmar haɗin gambiza ce ta kalmomi biyu. Ta biyun, wato “picking”, tana nufin tsinta ko cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ta farkon, wato “nit”, ita ce ƙwan kwarkwata, kuma tsohuwar kalma ce ƙwarai, tana cikin Turanci tun fiye da shekara dubu da suka wuce, lokacin ana rubuta ta “hnitu”. Ke nan asalin maganar shi ne aikin da kowace uwa a ƙasar Hausa ta sani. A shimfiɗa tabarma a inda haske yake, a zaunar da yarinya tsakanin ƙafafu, a tsefe kitso, a riƙa buɗa gashin layi-layi da tsinken tsifa. Ita kwarkwatar gudu take yi, sai an yi da gaske ake cafke ta. Ƙwan kuwa ba ya motsi, amma a manne yake da silin gashi kamar an sa masa ƙaro, ba ya faɗuwa da taza ta yau da kullum. Sai a kama silin da yatsa biyu, a zaro ƙwan har ƙarshensa, a ɗora a kan farcen babban yatsa a danne da ɗaya farcen. Idan mai rai ne za a ji ɗan ƙara, ƙas. Yarinya na mutsu-mutsu, wuya ya ƙage, uwa tana cewa “tsaya mana, saura kaɗan”, alhali da sauran rabin kai.

Aikin nan ya girmi rubutaccen tarihin al'ummu da yawa. A 2016 masu tonon kayan tarihi suka tono wani ɗan mataji na hauren giwa a Lakish, a yankin da yake kudancin Isra'ila yanzu, wanda aka kiyasta an yi shi wajen shekara 1700 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai daga baya aka lura da rubutu a jikinsa, aka fitar da fassararsa a 2022. Jimla ce guda ta fatan wannan haure ya tumɓuke kwarkwatar gashin kai da ta gemu. Ana lissafa ta cikin jimloli mafiya tsufa da aka samu a rubuce da haruffan abajada.

Dalilin da ya sa ba a wasa da ƙwan a fili yake. Tsawonsa bai kai milimita ɗaya ba, amma macen kwarkwata tana saka wajen shida a rana, kuma tana iya yin wata guda a kan mutum. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin mako guda zuwa kwana 9. Magunguna da yawa suna kashe manyan su bar wasu ƙwayayen, shi ya sa ake cewa a maimaita magani bayan kamar mako guda. Wanda ya kashe manya ya raina ƙwai, ya yi aikin baban giwa, domin kafin wata ya zagayo kan ya sake cika. A asalinsa dai, tsintar ƙwan kwarkwata aikin ƙauna ne da haƙuri, kuma babu wani abin raini a cikinsa.

Akwai wani abu kuma da likitoci suka sani, wanda a ganina shi ne mabuɗin fahimtar kalmar gaba ɗaya. Kwarkwata tana manna ƙwanta ne dab da fatar kai, inda yake samun ɗumi. Idan ya ƙyanƙyashe, ɓawon ba ya faɗuwa, yana nan manne, gashi yana tsiro yana tafiya da shi. Saboda haka ƙwan da aka gani ya yi nisa da fata fiye da milimita 6, kusan kullum fanko ne ko matacce. A ido duk ɗaya suke, ga wanda bai sani ba. Makarantu da yawa a Amurka sun daɗe suna da dokar cewa yaron da aka ga ko ƙwai ɗaya a kansa ba zai koma aji ba sai an tsince shi tas. Yara suka riƙa rasa kwanakin karatu, iyaye suna rasa kwanakin aiki, a kan ɓawon da babu komai a cikinsa. Daga ƙarshe ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da ƙungiyar ma'aikatan jinya na makarantu suka nemi a daina wannan doka. To a nan ne aiki mai amfani ya rikiɗe ya zama abin da kalmar take nufi yau: hannu yana ta tsinta, ido yana ta ƙurewa, amma an daina tambayar ko abin da ake tsinta mai rai ne.

Wannan sabuwar ma'ana ba ta daɗe sosai ba. A rubuce, ana samun ta ne daga farkon shekarun 1950, kuma daga bakin ma'aikatan hedikwatar tsaron Amurka, wato Pentagon, ta fito. Wata mujallar Amurka ta kawo ta a 1951 cikin kalmomin da ma'aikatan wurin suke yi wa junansu laƙabi da su. Yadda aka siffanta masu wannan hali a lokacin ya fi bayanin ƙamus na yau kaifi: mutane ne da suke jayayya a kan ƙananan abubuwa na lafazi da ma'ana, amma galibi su tashi ba tare da sun kawo wata tsayayyar shawara ta gyara ba. Ba abin mamaki ba ne kalmar ta tsiro a irin wannan wuri. Babbar ma'aikata ce da takarda ɗaya take bi ta tebur da yawa kafin ta fita, kuma kowane mai tebur yana so a san ta biyo ta gabansa. Hanya mafi sauƙi ta barin sawu ita ce ka ja layi a ƙarƙashin wata kalma ka mayar da fayil baya.

Idan aka ce a kawo ta da Hausa, kalma ɗaya ba za ta ɗauke ta duka ba. Mafi kusa ita ce ƙaƙale, wato tsananta bincike da sharaɗi a inda ba a bukata. Akwai ƙwaƙƙwafi a ciki, sai dai mai bin ƙwaƙƙwafi yana iya zama yana neman wani abu babba da aka ɓoye. Akwai mita, amma mai mita maimaita ƙorafi ɗaya yake yi, shi kuwa wannan kullum sabon aibi yake tonowa. Akwai kushe, amma mai kushe yana iya kushe abu dungurungum ba tare da ya duba shi ba, alhali shi mai ƙaƙale ya duba, har ya wuce misali. Bin diddigi kuwa yabo ne a mafi yawan lokuta, shi ake so ga ɗan jarida da mai binciken kuɗi. Abin da ya rage, wanda shi ne ruhin kalmar, Hausawa sun riga sun dunƙule shi a karin magana: an bar jaki ana dukan taiki.

Addini ma ya san halin. Buhari ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, hukuncin jinin sauro. Ya tambaye shi daga ina yake, ya ce daga Iraƙi. Sai Ibn Umar ya ce a dubi wannan, yana tambaya a kan jinin sauro alhali sun kashe jikan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tambayar mutumin ba haramun ba ce, tana da amsa a fiƙihu. Abin da ya ɓata wa sahabin rai shi ne rashin daidaito tsakanin tsantsenin da aka nuna a kan ɗigon jini da sakacin da aka yi a kan ran Husaini. A Linjilar Matta ma akwai zargin masu tace ɗan ƙwaro daga abin sha su haɗiye raƙumi. Kalmar Turancin sabuwa ce, amma cutar da take nunawa tsohuwa ce, kuma ba ta wata ƙabila ba ce.

Turanci yana da wasu kalmomin da suke kewaye da wannan, kowace da inda ta fi ƙarfi. “Pedant” daga Italiyanci ta zo, asalinta malamin makaranta, yanzu kuwa tana nufin mai baje iliminsa na ƙa'idoji a inda ba a tambaye shi ba. “Quibble” ita ce kama wata 'yar kalma a maganar abokin jayayya don a zille wa ainihin hujjarsa. “Hair-splitting” tsaga silin gashi biyu ne, wato ƙirƙiro bambanci tsakanin abubuwan da ba su da wani bambancin kirki. Sai kuma wata tsohuwa da ta kusa mutuwa, “pettifogging”, wadda ta samo asali tun ƙarni na 16 daga sunan da ake kiran ƙananan lauyoyi masu ɗaukar ƙananan ƙararraki suna jan su da dabaru da murɗiya.

Wannan ta ƙarshen ta farfaɗo ba zato a watan Janairun 2020, lokacin shari'ar tsige Shugaba Donald Trump ta farko a Majalisar Dattawan Amurka. Zama ya kai tsakar dare, maganganu sun yi zafi tsakanin masu gabatar da ƙara da lauyoyin shugaban, sai Alƙalin Alƙalai John Roberts, wanda yake jagorantar zaman, ya ja kunnen ɓangarorin biyu. Ya tuna musu cewa a 1905, a shari'ar tsige wani alƙalin tarayya mai suna Charles Swayne, wani sanata ya nuna rashin amincewa da aka furta kalmar “pettifogging”, kuma shugaban zaman ya ce bai kamata a furta ta ba. Washegari jama'a suka yi ta neman ma'anarta a ƙamus. Abin lura a labarin shi ne nauyin da zargin yake da shi a wancan zamani. Ka ce wa lauya yana wannan hali, ka ce masa ba gaskiya yake nema ba, kafar zillewa yake nema. Har yau wannan nauyin yana nan a ɓoye cikin “nitpicking”, ko da ana faɗinta da fara'a.

Me yake jan mutum mai hankali ya bar babba ya kama ƙarami? Bayanin da ya fi gamsar da ni na wani masanin tarihi ne ɗan Ingila, C. Northcote Parkinson, wanda ya kawo shi a 1957 ta hanyar wani ƙirƙirarren misali. Kwamitin kuɗi ya zauna da batutuwa a gabansa. Na farko gina injin nukiliya na fam miliyan 10. Yawancin mambobin ba su san komai a kai ba, kuma ba wanda yake so a gane haka, sai aka amince cikin minti biyu da rabi. Na biyu rumfar ajiye kekunan ma'aikata ta fam 350. Nan kowa ya farka, domin kowa ya san keke, kowa ya san kwanon rufi, aka yi minti 45 ana gardamar da me za a rufa ta. Na uku kuɗin gahawar da ake sha a taron wani kwamiti, fam 21 a shekara, shi ya ci sa'a ɗaya da kwata, aka tashi ba a ma yanke ba. Daga wannan misali ne masu rubuta manhajar kwamfuta suka samo kalmar “bikeshedding”, wato ɓata lokaci a kan rumfar keke.

Parkinson ya gano cewa sau da yawa ba mugunta ce take kawo ƙaƙale ba, gazawa ce da kunyar bayyana ta. Babban al'amari yana bukatar karatu da lokaci, kuma wanda ya yi magana a kansa yana iya yin kuskure a gaban mutane. Ƙaramin abu kuwa ba shi da haɗari. Idan ka ce an rubuta kwanan wata ba daidai ba, ba mai iya ƙaryata ka, ka fito a matsayin mai lura, kuma ba ka ɗauki alhakin komai ba. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar unguwa ko kwamitin iyayen yara ya ga irin haka: bayanin kuɗin shekara ya wuce shiru, amma maganar launin rigar da za a ɗinka ta kai magariba.

Akwai kuma wanda ba gazawa ba ce, iko ne. Mai duba aikin na ƙasa da shi yana iya mayar da takarda sau da yawa a kan abubuwan da zai iya faɗa a zama ɗaya, don kawai a san shi ne a sama. Ɗalibin da yake rubuta kundin digiri ya san bambancin malamin da ya ce masa babi na uku ba shi da ƙashin baya, ga yadda za a gyara, da malamin da ya cika shafi da jan biro a kan tazarar layi bai ce uffan a kan hujjar kundin ba. Na farkon ya fi zafi a ranar, amma shi ne ya karanta aikin. Nau'i na uku shi ne mafi muni a wurina, wato a yi amfani da ɗan kuskure don a binne gaskiya. Wani ya yi dogon rubutu cewa asibitin garinsu babu magani, mata suna haihuwa a ƙasa, sai wanda maganar ta taɓa ya fito ya ce ai ba “yace” ake rubutawa ba, “ya ce” ne, wanda bai iya rubutu ba ina zai iya bincike. Gyaran daidai ne, kuma ƙa'idar rubutun Hausa abar karewa ce. Amma an ɗauko ta ne a nan don a kawar da idon jama'a daga matan da suke ƙasa.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce kowa ya daina kula ƙananan abubuwa a huta. Sai dai ita kanta kalmar makami ce, kuma ana cutarwa da ita kamar yadda ake cutarwa da halin da take zargi. Mai aikin ganganci ba abin da ya fi masa sauƙi irin ya ce wa mai gyara masa yana ƙaƙale. Da kalma ɗaya ya mayar da laifin kan wanda ya gano laifin. Kuma akwai lokutan da ɗan abin da aka raina shi ne kan maganar baki ɗaya.

A jihar Maine ta Amurka doka ta ce a biya ma'aikaci ƙarin kuɗi idan ya wuce sa'a 40 a mako, amma ta cire wasu ayyukan da suka shafi abinci mai saurin lalacewa. Ta jero su da waƙafi a tsakani, jerin ya ƙare da abin da za a iya fassarawa da “adanawa, ɗaurewa don aikawa ko rarrabawa”. Direbobin wani kamfanin madara mai suna Oakhurst suka kai ƙara. Suka ce su rarraba kaya suke yi, ba sa ɗaurewa, kuma yadda aka rubuta dokar, abu ɗaya ta cire a ƙarshen jerin, wato ɗaure kaya, ko don a aika ko don a rarraba. Kamfanin ya ce a'a, abu biyu ne, ɗaurewa daban, rarrabawa daban. Da an sa waƙafi kafin “ko”, da kamfanin ya yi gaskiya ba gardama. Ba a sa ba. A watan Maris na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce jimlar tana ɗaukar ma'ana biyu, kuma a irin wannan hali ana fassara dokar ƙwadago ta yadda za ta amfani ma'aikaci. Alƙali David Barron ya buɗe hukuncin da cewa rashin waƙafi ne ya haifar da shari'ar. A 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5, majalisar jihar kuma tun a 2017 ta sake rubuta wurin da waƙafi mai ruwa. Wanda zai ce lauyan direbobin ƙaƙale ya yi, sai ya fara kallon idon mutanen da suka yi shekaru suna tuƙi bayan lokacin tashi ba a biya su ba.

Wani misalin na sararin samaniya ya fi wannan tsada. A ranar 23 ga Satumba 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa wani kumbo da ta harba don ya riƙa kewaya duniyar Mars yana nazarin yanayinta, bayan tafiyar wata tara. Bincike ya nuna cewa manhajar da kamfanin da ya ƙera kumbon ya rubuta tana ba da ƙarfin tunkuɗar injina da ma'aunin Amurka, masu sarrafa shi kuwa suna ɗaukar lambobin a matsayin ma'aunin mita. Bambancin ya kai ninki 4.45. Kowane gyaran hanya sai ya bar ɗan kuskure, kurakuran suna taruwa. An tsara kumbon ya wuce a nisan kilomita 226 daga doron Mars, sai ya gangaro zuwa wajen 57, inda ba zai iya tsira ba. Masu lissafin hanyar sun lura tun ana tafiya cewa lambobi ba sa haɗuwa, amma ba a bi maganar har ƙarshenta ba. A irin wannan aiki, mutumin da yake tsayar da taro ya ce “wannan lambar da wane ma'auni aka rubuta ta?” shi ne ya fi kowa amfani a ɗakin, ko da shi ne aka fi jin haushi.

Saboda haka girman abu a ido ba shi ne ma'auni ba. Waƙafin Maine da wanda aka manta a katin gayyatar biki girmansu ɗaya. Tambayar ita ce: idan aka bar shi, me zai haifar? Zai sauya ma'ana, ya ci haƙƙin wani, ya ruguza aikin? Ko kuwa zai zauna a wurin har abada ba wanda ya cutu? Wanda ya iya amsa wannan kafin ya buɗe baki mai lura ne, ko da abin da ya nuna bai kai ƙwayar gero ba. Wanda bai damu da amsar ba, shi ne kalmar take nufi.

Ba kullum ba ne amsar take da sauƙi, kuma mutanen Kano sun ga haka da idonsu. Bayan zaɓen gwamna na Maris 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke a ranar 20 ga Satumba cewa a cire ƙuri'a sama da dubu 165 daga na Abba Kabir Yusuf, saboda takardun ƙuri'ar ba su da sa hannu da hatimi da kwanan wata na jami'an zaɓe. Cire su ya isa ya juya sakamakon. Gari ya rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. Masu goyon bayan hukuncin suka ce hatimin ba ado ba ne, shi ne shaidar cewa takardar ta fito daga hannun hukuma ba daga aljihun wani ba. Masu adawa da shi suka ce mai jefa ƙuri'a ba shi ne yake buga hatimi ba, don me za a zubar da zaɓinsa saboda sakacin ma'aikaci? A ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un ta tabbatar da zaɓen. Dokar zaɓe ta 2022 da ma ta ba da damar a ƙirga takardar da ba ta da alamar hukuma idan jami'in da abin ya shafa ya gamsu cewa daga cikin waɗanda aka raba wa rumfar ta fito. Wato ita kanta dokar ba ta tsaya a kan ko akwai hatimi ko babu ba, ta wuce zuwa ga abin da aka sa hatimin don ya kare. Ko wane ɓangare mutum yake, ya kamata ya ga cewa gardamar ta yi tsanani ne domin ba a iya sanin nauyin ɗan ƙaramin sharaɗi sai an koma ga dalilin da ya sa aka gindaya shi.

Masu rubuta manhaja sun samo wa kansu wata hanya da nake ganin ta cancanci a ara. A wurinsu ba a shigar da aikin mutum cikin babbar manhaja sai wani abokin aiki ya duba shi layi-layi ya rubuta abin da ya gani. Sun lura cewa idan mai dubawa ya jero gyara goma ba tare da bambancewa ba, marubucin ba zai san wanne ne zai rushe manhajar ba, wanne ne kuma son ran mai dubawa. Sai ya zama al'ada cewa idan gyaran ƙarami ne a fara shi da kalmar “nit”, har kamfanin Google ya sa haka a cikin jagorar da ya wallafa ta duba aiki. Ma'anarta: na ga wannan, da an gyara da ya fi, amma ba zai hana aikinka wucewa ba. Mai dubawa bai haɗiye abin da ya gani ba, marubuci kuma bai kwana yana tunanin an yi watsi da aikinsa saboda sunan da ya raɗa wa wani layi ba.

Edita a gidan jarida zai iya yin haka, malamin da yake duba kundi zai iya, haka shugaban ofis da ake kawo wa wasiƙa ya sa hannu. Ya fara da abin da idan ba a gyara ba aikin ba zai fita ba, ya faɗi dalili. Sannan ya ce ga wasu 'yan ƙanana, ka gyara idan ka samu sarari. Wahalar kawai ita ce tsarin yana tilasta wa mai dubawa ya karanta aikin duka ya fahimce shi kafin ya ɗauki biro, domin ba zai iya ware babba daga ƙarami ba sai ya san inda aikin ya dosa.